An buɗe Illela da Maigatari: abin da ya kamata ku sani kafin ku kama hanya

Jama'a, tun daga ranar 16 ga Disamba 2020 da gwamnatin Najeriya ta ba da sanarwar buɗe wasu iyakokinta na ƙasa, tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa a wurin rabon abinci da bakin rijiya: to yanzu mutum zai iya leƙawa gida ya dawo? Wani ta'aziyya ce ke binsa tun damina, wani yana son ya dubo rumbunsa ko abin da ya rage na dabbobi, wata kuma ɗanta ne ke karatun allo a Kano, rabonta da shi ya fi shekara. Duk waɗannan dalilai ne masu nauyi. Sai dai sanarwar ba ta buɗe hanya yadda ake zato ba, kuma a lokacin dokokin killace matafiya saboda cutar korona suna nan daram. Ga yadda abin ya kasance a watan Janairu 2021, musamman ga iyalan da ke Garin Kaka, Dan Daji Makau, Cadakori da ƙauyukan bakin iyaka na jihar Maradi.

Iyaka ƙofa biyu gare ta

Kowace iyaka tana da ƙofa biyu, ɗaya a hannun wannan ƙasa, ɗaya a hannun waccan. A Disamba 2020 Najeriya ta buɗe tata a wurare huɗu kawai: Seme ta wajen Benin, Mfum ta wajen Kamaru, Illela da ke fuskantar Birnin Konni, sai Maigatari da ke kallon jihar Damagaram. Jibiya, wadda ita ce ke kan hanyar Dan Isa zuwa Maradi, ba ta cikin huɗun nan.

Rufewar Najeriya ma iri biyu ce, shi ya sa ake rikicewa. Ta farko tun watan Agusta 2019 ce, kafin a san da wata korona, kuma saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur aka yi ta. Ta biyu ita ce ta watan Maris 2020, wadda ta hana mutane shiga da fita saboda annoba.

A nan Nijar kuwa, Shugaba Issoufou Mahamadou ya yi jawabi ranar 17 ga Maris 2020, aka rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram da duk iyakokin ƙasa daga ranar 19 ga watan, ranar da aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a ƙasar. An bar motocin kaya suna wucewa don kada abinci da magani su yanke. Ranar 1 ga Agusta an sake buɗe filayen jirgin sama, amma har zuwa Janairu 2021 iyakokin ƙasa a rufe suke ga matafiya. Ke nan a lokacin mutum zai iya samun ƙofar Illela a buɗe ya tarar da ta Konni a rufe. Kamaru da Cadi su ma cikin makon nan na Maris suka rufe nasu, wannan ya shafi masu dangi a sansanin Minawawo ko na Darussalam da ke kusa da Baga Sola.

A lokacin akwai masu cewa ai yarjejeniyar ECOWAS, wadda a nan ake kira CEDEAO, ta ba ɗan Najeriya damar shiga Nijar ba biza har kwana 90. A wancan lokaci haka ne, tun 1979 aka sa hannu a kanta. Amma a lokacin annobar yawancin ƙasashen ƙungiyar sun rufe ƙofofinsu da hujjar kare lafiyar jama'a, kuma jandarman da ke kan hanya umurnin gwamnatinsa yake bi.

Ko rufe iyaka na hana cuta shiga? Yana jinkirta ta, ya ba asibitoci lokacin shiri. Da zarar cutar ta fara yawo tsakanin mutanen gari, amfaninsa ya ragu ƙwarai. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, a farkon annobar ba ta ba da shawarar rufe iyakoki ba. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, gonaki ne da dazuzzuka da kasuwannin da dangi ɗaya ke ci ta ɓangarorin biyu, ba mai iya yi mata shinge. Saboda haka abin da ya fi kare zango shi ne abin da ake yi da mutum bayan ya iso.

Wanda ya gudo don ceton ransa

Wannan shi ne abin da muka fi so kowa ya riƙe, ya kuma gaya wa danginsa da suka rage a Sabon Birni, Isa, Zurmi ko Jibiya: rufe iyaka saboda annoba bai soke haƙƙin neman mafaka ba.

Yarjejeniyar 1951 kan 'yan gudun hijira, a sashe na 33, ta hana kowace ƙasa mayar da mutum inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Yarjejeniyar da ƙasashen Afirka suka yi a Adis Ababa a 1969 ta ƙara fayyace abin, ta ce ko a bakin iyaka ba a korar irin wannan mutum. Nijar tana cikin yarjejeniyoyin biyu. A watan Maris 2020, lokacin da ƙasashe ke ta rufe ƙofofi, hukumar HCR ta tunatar da gwamnatoci cewa suna da ikon auna zafin jikin mai shigowa, su yi masa gwaji, su killace shi na ɗan lokaci, amma ba su da ikon tura shi baya cikin haɗari da sunan cuta.

Kun ga hakan da idonku. A watan Afrilu 2020 kaɗai, iyaka tana rufe, kimanin mutum 23,000 suka tsallako Nijar daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina saboda hare-haren 'yan bindiga, kuma an bar su sun shigo. Da yawa daga cikin masu karanta wannan takarda a lokacin suka zo. Haka aka yi a gabashin Afirka: a farkon Yuli 2020 Uganda ta buɗe iyakarta na 'yan kwanaki, ta karɓi kimanin mutum 3,000 da suka gudo daga Kwango, ta killace su kwana 14, sannan aka kai su matsuguni.

To ina matsalar take? Tana wajen ɓoyo. Baƙo ya iso cikin dare ta ɓarauniyar hanya, ƙanin maigida ne ko surukarsa, sai a ce a yi shiru kada jami'ai su ji su mayar da shi. A shigar da shi ɗaki ɗaya da tsohuwa mai hawan jini da yara shida. Wannan ɓoyo asara biyu yake jawowa. Baƙon ba a yi masa rajista ba, don haka ba shi da takarda, ba shi da rabon abinci, idan aka tsare shi a hanya ba abin da zai nuna. Iyalin kuma sun kwana sun tashi da mutumin da ya yi kwanaki cikin cunkoson mota da kasuwa, ba wanda ya duba shi. Idan baƙo ya sauka a gidanku, ku sanar da shugaban unguwa ko ma'aikacin lafiya na zango a ranar. Rajista da duba lafiya ba a biyan ko dala, wanda ya nemi kuɗi a kansu ku kai ƙararsa.

Me ya sa kwana 14?

Za ku ji jami'an nan suna cewa "karanten". Kalmar Faransanci ce da ta samo asali daga arba'in, domin a zamanin da a birnin Benis na Italiya jirgin ruwan da ya taso daga ƙasar da ake annoba sai ya yi kwana 40 a kan ruwa kafin a bar mutanensa su sauka. Birnin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrobnik, ya riga su, tun 1377 ya sa dokar kwana 30. Sunan ne kawai ya rage, ba wanda zai tsare ku kwana arba'in. Dabarar kanta ba baƙuwa ba ce a wajenmu, an san yadda Halifa Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can.

Lissafin kwana 14 daga halin ƙwayar cutar aka ɗauko shi. Idan ta shiga jikin mutum ba ta nuna kanta nan take. Yawanci alamu na bayyana ne bayan kwana 5 ko 6, amma a wasu mutane sai an kai kwana 14. Abin da ya ƙara dagula lamarin, mutum na iya sa wa wasu cutar kwana biyu kafin shi kansa ya ji wani ciwo, wasu ma har su warke ba su taɓa jin komai ba. Shi ya sa na'urar auna zafi da ake ɗora wa goshi a bakin ƙofa ba ta isa ba. Mai zazzaɓi take kamawa, wanda cutar ke kwance a jikinsa kuwa sai ya wuce lafiya lau.

A nan akwai abu biyu da ake haɗawa a baki alhali daban suke. Akwai killace mai lafiya wanda ake zaton ya yi cuɗanya da cutar, ko dai matafiyi ko wanda ya zauna kusa da majinyaci. Akwai kuma keɓe wanda gwaji ya tabbatar yana ɗauke da ita. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta wancan lokaci, wanda ya yi fiye da minti 15 fuska da fuska da mai cutar, tazararsu ba ta wuce mita ɗaya ba, ko ya taɓa jikinsa, ko ya yi jinyarsa ba kariya, shi ne ake killacewa kwana 14, ana lissafawa daga ranar haɗuwarsu ta ƙarshe. Shi kuwa majinyacin, a ƙa'idar ta lokacin ana sallamarsa bayan kwana 10 da fara ciwo, a ƙara aƙalla kwana 3 da bai yi zazzaɓi ko tari ba. Wanda gwaji ya nuna yana da ita amma bai yi ciwo ba, kwana 10 ne daga ranar gwajin.

Ke nan yakan faru maigida ya kamu, ya warke, a sallame shi, matarsa da ba ta ko yi atishawa ba tana nan a killace. Mutane kan ga kamar zalunci ne. Dalilin shi ne, nasa ciwon an san ranar da ya fara, an san lokacin da ya daina yaɗa shi. Nata kuwa ana jira ne a gani ko zai fito. Haka nan gwajin da aka yi wa mutum kwana ɗaya ko biyu bayan cuɗanya, ko ya nuna ba komai, ba ya wanke shi, domin ƙwayar ba ta yi yawan da tsinken audugar zai ɗauko ta a hanci ba tukuna.

Abin da ke faruwa idan aka kwashi jama'a daga wuri zuwa wuri ba killacewa, an gan shi a watannin Afrilu da Mayu 2020, lokacin da gwamnatocin jihohin arewacin Najeriya suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu na asali cikin manyan motoci. Da aka gwada waɗanda suka isa Kaduna da Jigawa, an samu da yawa ɗauke da cutar, alhali yawancinsu ba alamar ciwo a jikinsu. Iyayen da ke shirin a kawo musu yaro daga makarantar allo su tuna da wannan. Ba a ce kada ya zo ba, a dai sanar da zuwansa tun kafin ya taso.

Idan killacewa ta faɗo gidanku

Mun san ɗakin ba shi da faɗi, bayan gida na tarayya ne, ruwa kuma sai an bi layi. Ba a neman abin da ba zai yiwu ba. Idan ma'aikatan lafiya suka ce a gida mutum zai zauna, a ware masa tabarmarsa a gefe, tazarar mita ɗaya aƙalla, da kofinsa da kwanonsa da butarsa. Mutum ɗaya ne zai riƙa kai masa abinci, kuma kada ya zama tsoho, ko mai ciwon suga, ko mai hawan jini, ko mai tarin fuka, domin su cutar ta fi kayarwa. Su biyun su sa takunkumi ya rufe hanci da baki. Salla a ɗaki zai yi ta, ba zuwa kasuwa, ba majalisa, ba gaisawa da hannu. Wani daga cikin iyali zai karɓo masa rabonsa, a gaya wa masu rabon tun da wuri.

A lokacin hunturu kowa na toshe ƙofa da taga a taru a bakin wuta. Nan ne cutar ta fi jin daɗi, domin cikin numfashi take tafiya, ɗaki rufaffe kuwa numfashin kowa yana komawa hancin kowa. Gara a ƙara mayafi a bar iska tana ratsawa, da rana kuma mai killacewar ya zauna a inuwa a waje shi kaɗai. Hunturu yakan kuma kawo mura da tari irin na kowace shekara, ba kowane tari ne korona ba. Alamun da za a lura da su su ne zazzaɓi, busasshen tari, kasala mai yawa, da mutum ya daina jin ƙanshi ko ɗanɗanon abinci. Idan numfashi ya fara yin wuya, ko ƙirji ya riƙe, ko mutum ya fara ruɗewa, wannan ba na jira ba ne, a kira ma'aikacin lafiya ko da tsakar dare ne.

Mai shayarwa ta ci gaba da ba ɗanta nono ko da an tabbatar tana da cutar, ta wanke hannu, ta sa takunkumi. Ƙaramin yaro ba a killace shi shi kaɗai, sai tare da uwa ko wani babba da ya saba da shi. Idan aka ce za a kai wani daga cikin iyalinku cibiyar keɓewa, kuna da damar tambayar inda za a kai shi, kwana nawa zai yi, da yadda za ku riƙa jin labarinsa. Ku tabbata an rubuta sunansa daidai yadda yake a takardarsa.

Maƙwabta kuma, gidan da aka killace ba gidan abin kunya ba ne. Inda aka fara nuna mutane da baki ana hana yara wasa da 'ya'yansu har bayan an sallame su, gida na gaba da baƙo ya sauka ɓoye shi za su yi.

Zuwa gida a dawo

Wanda ya ce zai bi ta daji da ɗan kabu-kabu ya je ya dawo, ya san abin da ke gabansa. Hanyoyin da ke kauce wa jami'ai su ne dai hanyoyin da 'yan bindiga ke bi, kuma idan aka kama shi a hanyar dawowa zai sha wahalar bayyana cewa shi ɗan gudun hijira ne da ya riga ya yi rajista. A lokacin annobar, idan ya dawo lafiya, a matsayin matafiyi ake ɗaukarsa, ma'aikatan lafiya na iya cewa ya killace kansa.

Akwai kuma batun takarda. Matsayin ɗan gudun hijira ya ginu ne a kan cewa mutum ba zai iya komawa ƙasarsa ba saboda haɗari. Leƙawa sau ɗaya don jana'izar mahaifi ba ita ce komawa ba. Amma wanda ya koma da kansa ya sake kafa zama a can, doka na iya ɗauka cewa ba ya bukatar kariya kuma. Sannan idan aka yi aikin tantance mutane ba ya nan, ana iya dakatar da sunansa a rajista, gyaran kuwa yakan ɗauki lokaci, rabon iyali ya ragu kafin nan. Don haka duk mai tafiya ta dole ya fara zuwa wajen ma'aikatan kariya ya yi bayani. Ba su da ikon hana kowa komawa ƙasarsa, wannan haƙƙinsa ne, amma za su gaya masa halin da hanya ke ciki da abin da tafiyar za ta jawo wa takardarsa. Ta'aziyya kuwa, a wannan yanayi wadda aka yi ta waya ta isar, dangin da ke can sun fi kowa sanin dalili.

Masu tafiya ta jirgin sama

Kaɗan ne daga cikinmu wannan ya shafa, amma ana yawan tambaya. Iyalan da ke cikin shirin sake tsugunarwa a wata ƙasa ta uku sun san an dakatar da tafiye-tafiyen a ranar 17 ga Maris 2020, lokacin da HCR da hukumar ƙaura ta duniya, OIM, suka ba da sanarwa tare. A watan Yuni aka fara ci gaba, sannu a hankali. Dakatarwar ba ta soke fayil ɗin kowa ba. Abin da yakan faru shi ne takardar duba lafiya ko biza ta ƙare wa'adi ana jira, sai an sake. A ƙasar da za a sauka ma, a lokacin killacewa na iya jiran mutum kafin ya fara fita.

A watan Janairu 2021 kusan ko'ina sai da takardar gwajin PCR da ke nuna mutum ba ya ɗauke da cutar. A lokacin Nijar na neman wadda ba ta wuce awa 72 ba. Najeriya, wadda ta dawo da jiragen ƙasashen waje ranar 5 ga Satumba 2020, a lokacin tana neman gwaji kafin tashi, sannan mutum ya killace kansa kwana 7 a sake gwada shi a rana ta bakwai. Wannan takarda ba ta maye gurbin katin rigakafin shawara ba, wato katin nan ruwan ɗorawa, shi ma ana nemansa kamar da. Allurar rigakafin korona an fara yin ta a Ingila ranar 8 ga Disamba 2020, amma har zuwa Janairu 2021 ba ta iso nan ba, saboda haka a lokacin duk wanda ya ce zai sayar da katinta ɗan damfara ne.

A lokacin annobar dokokin nan kan sauya cikin dare ɗaya. A ƙarshen Disamba 2020, da aka gano sabon nau'in cutar mai saurin yaɗuwa a Ingila, ƙasashe da yawa sun tsayar da jiragen da ke tasowa daga can cikin kwana biyu, Saudiyya ma ta rufe sararinta ga jiragen waje gaba ɗaya har zuwa farkon Janairu 2021.

Batun Saudiyya ya kawo mu ga masu niyyar sauke farali. Tun ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka dakatar da Umra ga baƙi, Hajjin 2020 kuma mazauna cikin ƙasar kaɗai suka yi shi, mutane kaɗan ƙwarai, alhali a 2019 kusan miliyan biyu da rabi ne suka tsaya a Arfa. Daga 1 ga Nuwamba 2020 an fara karɓar masu Umra daga waje da sharuɗɗa masu tsauri na shekaru da gwaji da killacewa a masauki. Kujerar Hajji ta hannun hukumar alhazai ta gwamnati da kamfanonin da ta amince da su ake samun ta, kuma ɗan gudun hijira sai yana da takardar tafiya da aka yarda da ita. Idan wani ya zo zango yana karɓar kafin alƙalami da sunan kujerar bana, ko yana sayar da takardar gwaji ba tare da an taɓa hancin mutum ba, kada ku ba shi ko sisi, ku sanar da shugaban unguwa. Takardar gwaji ta jabu laifi ce da ake kama mutum a kanta a filin jirgi, kuma tana iya ɓata fayil ɗin iyali gaba ɗaya.